Tsohuwar katafila D4: a gyara injinta ko a ɗora mata na 911?

Tambaya: "Na sayi tsohuwar Caterpillar D4 don share gona da haƙa ɗan tafkin ban-ruwa. Lambar jikinta ta fara da 7U, kuma irin wadda ake tayarwa da ƙaramin injin fetur ce. Tana ba da wahala kafin ta tashi, tana farin hayaƙi, ruwan lagireto kuma yana raguwa. Bakanikena ya ce a sauke injin a ɗora na Marsandi 911 ko Perkins, tunda kayansu na ko'ina. Shin tsofaffin nan abin dogaro ne? Canjin injin kuma zai yi?"

Alhaji, kada ka bari a sauke injin nan tukuna. A cikin abubuwa ukun da ka lissafa babu wanda ke nuna inji ya gama yayi, kuma a irin wannan katafila ba kasafai inji ne ke fara kwantar da ita ba.

Bari mu fara da abin da ke hannunka. D4 mai lamba 7U an ƙera ta tsakanin 1947 da 1959, da injin da ake kira D315: silinda huɗu, lita 5.7. Na farko-farkon suna juyi 1,400 a minti, na baya aka ɗaga su zuwa 1,600, kuma ko na bayan ƙarfinsu bai wuce doki 60 da 'yan kai ba. Injin 911 da bakanikenka ke magana, wato OM352, shi ma lita 5.7 ne, amma silinda shida, yana ba da wajen doki 130 a juyi 2,800. Ka ga cikinsu ɗaya, amma ana tatsar rabin ƙarfi ne kawai daga na Caterpillar. Asalin tsawon ran injin ke nan. Ƙarfe mai kauri, juyi a hankali, zafi kaɗan a kan fistin. Silib ɗinsa irin wanda ake zarewa ne a sa sabo, karanshaf yana ɗaukar gyara a sa masa metal daidai da shi, famfon gas ɗinsa yana da baƙin man kansa, kuma gas yana fara kamawa ne a wani ɗan kofi da ke cikin kan inji kafin ya faɗa kan fistin, abin da ya sa ba ya tsirfa da yawa a kan ingancin mai. An yi shi ne don a riƙa buɗewa ana gyarawa.

Wahalar tashi, mafi yawan lokaci laifin ƙaramin injin ne, wanda Amurkawa ke ce wa foni. Ɗan inji ne mai silinda biyu, da kafireto da fulogi da maganeto, kuma abin da ke damunsa bai wuce abin da ke damun tsohon babur ba: tsatsa a tankin fetur, kafireto ya toshe, wuta ta yi sanyi. Mutane da yawa suna tsanarsa, ni kuwa ina ganin ƙimarsa. Dubi yadda ake tayar da katafilar bisa ƙa'ida. Za ka sa sandar matsi a wurin tayarwa, gas a rufe, ka ja igiyar foni ya kama. Sai ka shigar da haƙorinsa cikin fulawil, ka damƙe kulocinsa, babban injin ya fara juyawa ba tare da wuta ba. Kana kallon agogon baƙin mai har ya hau. Ruwan foni da na babban injin ɗaya ne, hayaƙinsa kuma yana bi ta cikin bututun da babban ke shaƙar iska, don haka yana ɗumama shi. Daga nan ka mayar da matsi, ka bar shi ya ƙara juyi, sannan ka buɗe gas. Da ya kama, haƙorin foni zai fice da kansa. Ma'ana injin nan bai taɓa tashi da busasshen metal ba tun yana sabo, in dai direbobinsa sun bi ƙa'ida.

Abu ɗaya da ke kashe foni shi ne yadda ake kashe shi. Rufe masa fetur ake yi a bar shi ya shanye na cikin kafireto ya mutu da kansa. In aka bar famfon fetur a buɗe, girgizar aiki tana sa fetur ya riƙa tsiyaya har cikin baƙin mansa, wanda dama bai fi lita guda ba. Mai ya tsinke, kwanaki kaɗan sai ka ji ƙwanƙwasa. Ka sa a sunsuna man foninka yau. In yana warin fetur a zubar.

Farin hayaƙi da raguwar ruwa su ne abin bincike na gaske, kuma wataƙila tushensu ɗaya. Ga abin da zan yi da na zo wurin. Da safe kafin a tayar, a ɗan sassauta ƙusar juye baƙin mai a ƙasa: in akwai ruwa shi zai fara ɗigowa, tunda yana kwantawa a ƙasan mai. In ya ɗigo, to robobin gindin silib ne ake zargi, ko gaskit. A duba man foni shi ma, don kansa yana tsagewa ya sha ruwan. Sannan a cika lagireto taf, a cire fanbel, a tayar, a leƙa bakin lagireton. In kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya, matsi ne ke shiga ruwa, ko ta gaskit, ko ta tsaga a kan inji, ko ta gindin kofunan nan da na ambata, waɗanda tsatsa ke ci tunda a cikin ruwa suke zaune. Canza kofi da wanshinsa ƙaramin aiki ne. Hayaƙin kuma a shaƙa: mai yaji a ido gas ne da bai ƙone ba, sai a sassauta bututun nozul ɗaya-ɗaya a gano silindar da ba ta aiki, wanda ke bajewa nan da nan kamar tururin tukunya ruwa ne. A ƙarshe a ɗaura agogon mai na gaskiya, ba tsohon da ke jikinta ba, a sa ta tura ƙasa na awa guda, a ga inda allurar ta tsaya da zafi, a kuma duba yawan hucin da ke fita ta bututun numfashin inji. Injin da ya daɗe yana zaman banza ko ana barinsa yana juyi ba kaya yakan yi ta tofar da baƙin mai ta salansa, kuma sau da yawa yini biyu na aiki mai nauyi yana share shi.

In bayan wannan duka aka ga ganga ba ta fashe ba, karanshaf bai karye ba, to gyara ne: silib, fistin, ringi, metal, gaskit, bawul. Kamfanonin da ke yin kayan maye na tsofaffin Caterpillar suna nan, kuma akwai injinan D315 da aka yi don janareto da gireda waɗanda ake cirar kaya a jikinsu. Sai dai ka riƙe cikakkiyar lambar da ke jikin inji da ta bayan gidan giya, don an yi canje-canje a cikin shekarun nan goma sha biyu.

Amma kafin ka kashe ko sisi a inji, sunkuya ka dubi ƙasa, don a nan gizo ke saƙa. Masu wannan sana'a suna lissafa cewa kusan rabin kuɗin kula da katafila a sarƙa da abin da ke ɗauke da ita yake tafiya. Dubi haƙoran babbar ƙafar baya da ke jan sarƙa: in sun yi tsini sun karkace, sun gama. Shafa bushin da ke tsakanin haɗin sarƙa ta ƙasa, ka ji ko ya sule ko ya huje. Dubi ƙafar gaba, in an turo ta har ƙarshen layinta don a ɗaure sarƙa, sarƙar ta miƙe ke nan. Wani ma sai ya cire haɗi ɗaya don ya ɓoye wa mai saye. Sa ƙarfe ka ɗaga ƙafar baya, in tana girgiza to boris ɗin giyar ƙarshe ya tafi, kuma ka juye man wurin ka ga ko akwai ɓarɓashin ƙarfe. Sai kulocin sitiyari, wanda a wannan samfurin busasshe ne: in katafila ta yi damina biyu a tsaye ruwa ya shiga, faifan suna mannewa da tsatsa, ka ja sanda ta ƙi juyawa. In mai ya zubo musu daga gidan giya kuma sai su riƙa sulɓewa. Isa gare su aiki ne na kwance kujera da tanki da murfin baya gaba ɗaya. Katafilar da ƙafafunta suka mutu, ko sabon inji fil ka ɗora mata, an gudu ne ba a tsira ba.

A kan tambayarka ta farko, ko tsofaffin nan abin dogaro ne, amsar ta danganta da wace ce. Caterpillar ta fitar da katafilar dizal ta farko a 1931, kuma D2 da D4 da D6 da D7 na shekarun 1940 da 1950 har yau suna aiki a gonakin Amurka da Ostareliya da wasu wurare, ba don adon taro kawai ba. International Harvester kuwa ta bi wata hanya a TD-6, TD-9, TD-14 da TD-18: inji ɗaya ne, yana tashi da fetur sannan a ja sanda ya koma gas. Don haka kan injin yana ɗauke da ƙarin bawul da fulogi da ƙarin ɗaki a kowace silinda, ƙarfen ya yi sirara a wurare da dama, kuma ya yi suna wajen tsagewa, musamman in ana kashe shi da zafi ba a bari ya huce ba. Samun lafiyayyen kai yanzu sai an sha wuya. Kamfanin ma ya sayar da sashen manyan injinansa ga Dresser tun 1982. Allis-Chalmers ta yi HD-5 da injin 2-71 na General Motors, manyanta da 3-71, 4-71 da 6-71, kuma waɗannan kayansu na samuwa don an yi su da yawan gaske. Amma bayan ta sayi kamfanin injina na Buda a 1953 ta koma sa nata injin a HD-6 da HD-11 da sauransu, waɗanda kayansu suka fi wuya. Katafilolin Cletrac da Oliver da yawa injin Hercules ne a cikinsu, shi ma haka. A irin waɗannan ne canjin inji ke da hujja, don zaɓin shi ne ko a canza ko a sayar wa 'yan gwangwan. D4 ɗinka ba ta cikin wannan sahu.

Yanzu a ce binciken ya nuna ganga ta fashe, sanda ta ɓullo ta gefe, babu wani D315 a kusa. Me canjin ya ƙunsa?

Na farko, gudu. An yanka giyar D4 ne don injin da ba ya wuce 1,600. A giya ta ɗaya tana tafiyar wajen kilomita 3 a awa, saurin da ake tura ƙasa da shi ke nan. Ka ɗora injin da ke juyi 2,800 ka sake masa mara, kowace giya ta kusa ninkawa: cebur ya riƙa dukan ƙasa maimakon yankanta, kuloci ya yi zafi, giyar ƙarshe da aka yi wa doki 60 ta karɓi 130. Ba injin ne zai fara karyewa ba, abin da ke bayansa ne, wanda ya fi inji wuyar samu. Dole a ɗaure shi a wajen 1,600 zuwa 1,800. In ka yi lissafi, OM352 a juyi 1,600 zai ba ka wajen doki 75, wanda ya ishi D4 har da rara. Amma masu D6 mai lamba 9U su lura: injinta D318 lita 8.6 ne, yana ba da wajen doki 90 a wannan juyin, don haka na 911 ba zai cike mata gurbi ba. San huɗa da dokin sukuwa duk ƙarfi gare su, amma ba iri ɗaya ba.

Na biyu shi ne wanda bakanikan mota suka fi mantawa: gwamna. A katafila kana ajiye sandar gas a wuri ɗaya, hannuwanka suna kan sitiyari da cebur, gwamna ne ke ƙara mai da kansa in cebur ya cika, ya rage in ya zube. Yawancin injinan manyan motoci gwamnansu yana kula da ƙaramin juyi da babban juyi ne kawai, tsakiya ƙafar direba ce. Da irin wannan, cebur na nutsewa inji zai durƙushe, kana ɗaga shi ya yi ihu. A famfunan Bosch, wanda kake nema shi ne RSV, ba RQ ba. Ka sa mai gyaran famfo ya karanta maka farantin da ke jikin gwamnan kafin ka biya kuɗi.

Na uku, jiki. A D4 ta wannan zamani babu dogayen ƙarafan firam irin na D6 da inji ke zaune a kai. An ɗaure injin ne kai tsaye da gidan giya, kuma yana cikin abin da ke ɗauke da gaban katafilar. Cire shi yana nufin ƙera firam mai ƙarfi da zai ɗauki lagireto da garkuwarsa da nauyin gaba, ba guntayen ƙarfe da mai walda zai liƙa da rana ɗaya ba. Silinda shida kuma ta fi huɗu tsawo, sai an tura lagireto gaba. A nan wata matsalar ke jira: a yawancin D4 masu cebur na mai, famfon hayidirolik yana gaba ne, kuma hancin karanshaf ke juya shi. Injin mota ba shi da wurin wannan haɗin, sai an sassaƙa. Haka faifan da zai haɗa bayan sabon injin da kulocin Caterpillar: dole tsakiyarsu ta zo daidai, a auna da agogon awo, ba da ido ba. In ya kauce ko da kaɗan, boris ɗin kuloci da na shaf ɗin giya za su riƙa mutuwa duk bayan 'yan watanni, a yi ta zargin kayan jabu alhali laifin daga haɗin ne. Injinan masana'antu suna zuwa da bakin baya mai lambar SAE, wato ma'aunin girma na bai-ɗaya, kamar 2 ko 3, wanda ke sauƙaƙa awon. Fulawil ma abin dubawa ne. Na D315 mai nauyi ne, shi ke ratsa da injin in cebur ya ci karo da kututture.

Sauran ƙanana ne amma suna kashe inji: kaskon mai mai zurfi, don katafila tana aiki a karkace a gefen tafki, in mai ya gudu gefe famfo ya sha iska an gama; babbar matatar iska, don ƙurar da katafila ke shaƙa a yini ɗaya na rani motar titi ba ta ganinta a wata; da kuma ɓangaren da injin ke juyawa, tunda akwai 71 na General Motors da injinan jirgin ruwa masu juyin hagu.

Da za a tilasta mini zaɓi, ba zan fara da injin mota ba. Perkins 4.236, wanda ke cikin tarakta Massey Ferguson 375 da ire-irenta, lita 3.9 ne, gajere, gwamnansa na tarakta ne dama, kuma kayansa har a ƙananan garuruwa ana samu. A juyi 1,600 zuwa 1,800 yana kusa da ƙarfin D315, ko da yake za ka ji bambanci in kaya ya yi nauyi. Rauninsa famfonsa ne, don gas ɗin da ke bi ta ciki shi ne man shafawarsa, ba ya jure ruwa ko gas da aka haɗa da kananzir. Sai ka sa masa matata biyu da mai tare ruwa. Cummins 4BT shi ma lita 3.9 ne, da tabo (turbo), kuma irinsa ne Case ta riƙa sawa a ƙananan katafilolinta, tunda tare suka kafa masana'antar injin a 1980. A nemi na masana'antu, ba na mota ba. Deutz 912 mai sanyaya da iska yana raba ka da lagireto da maganar ruwa gaba ɗaya, amma a aikin share daji ganye da ƙura suna toshe fikafikan silindarsa, kullum sai an hure. Akwai kuma injinan janareto, waɗanda ke da yawa a ƙasar nan, kuma juyinsu 1,500 ne, kusan daidai da abin da D4 ke so, da bakin SAE a shirye. Gwamnansu ne aka saita a juyi ɗaya, sai mai famfo ya mayar da shi mai hawa da sauka, a kuma duba kaskon mai. A Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas za ka iya cin karo da duk waɗannan. A tayar maka da shi a ƙasa ka ji, ka ga matsin mai, kafin a ɗora a mota.

Ka sani kuma, in kana da niyyar sayarwa wata rana, mai saye da ya san katafila yana rage kuɗi da ya ga baƙon inji, don bai san hannun da ya yi haɗin ba. Masu tara tsofaffin injina a Turai da Amurka ma ba sa kallonta.

Akwai canji ɗaya da nake goyon baya ba tare da jinkiri ba in foni ne ya gagara: a mayar da ita tashin batir. Da yawa daga cikin 7U na baya-baya suna da gurbin kik a jikin gidan fulawil, an rufe shi da murfi ko an bar wurin a shafe don a huda. Ana sa kik mai ƙarfin bolt 24 da haƙorin da ya dace da na fulawil ɗin Caterpillar, batir biyu, da alfaneta. A ƙasashen sanyi sai an ƙara masu ɗumama kofuna, a zafinmu kuwa lafiyayyen D315 yana kamawa ba tare da su ba in ban da sanyin asubar hunturu. In ka yi haka, ka riƙe ɗabi'ar foni: juya injin da matsi a sake, gas a rufe, har allurar mai ta motsa, sannan ka ba shi wuta. Sai a toshe hanyoyin ruwan da ke shiga foni da kyau in an cire shi, don nan ma wurin yoyo ne.

Ka sa bakaniken ya yi gwajin ruwa da na matsin mai, ya auna sarƙa, ya ɗaga ƙafafun baya da ƙarfe. Ka aiko da sakamakon tare da cikakkiyar lambar 7U ɗin, in gaya maka ko gidan fulawil ɗinka yana karɓar kik da kuma irin nozul ɗin da za ka nema.